Mikroskof da akwatin lam 25 da na saya a Maraɗi don darasin rabuwar ƙwayar halitta

Ga mai sauri, maganar a taƙaice ita ce: mikroskof ɗin ya ci kuɗinsa. Akwatin lam ɗin da ake haɗawa da shi kuwa, wato gilasan da aka riga aka liƙa abin dubawa a kansu, cikin gilasai 25 guda ɗaya ne tak ya burge ni, amma fa wannan ɗayan ya isa a sayi akwatin saboda shi. Ɗan littafin bayanin da ke ciki kuma, kada malami ya kuskura ya miƙa wa ɗalibi ya tafi da shi gida.

Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wani lise, wato babbar sakandare, mai zaman kansa a nan Maraɗi. Labo ɗinmu suna ne kawai, ɗaki ne mai famfon da ba ya kawo ruwa da kwarangwal ɗin roba wanda hannunsa ɗaya ya yi ɓatan dabo. Duk shekara idan muka zo babin rabuwar ƙwayar halitta, wato selil, da alli nake zana wa yara matakan rabuwar, profaz da metafaz da anafaz da telofaz, su kwafa, su hardace, su je su zuba a BAC, jarabawar kammala lise, alhali babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin kuromozom, abin da ke ɗauke da gado a cikin selil, da idonsa. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Bana da aka biya mu kuɗin gyaran takardun jarabawa sai na rufe ido na shiga wani shagon kayan labo da na asibiti da ke kusa da babbar kasuwa. Alhajin shagon ya ce kayan na Sin ne, ta Kano ake kawo masa su a shigo ta Ɗan Isa. Ya sa jika 120, wato sefa dubu 120, muka yi ta ja har muka daidaita a jika 95, da mikroskof da akwatin lam da wani ɗan maƙali na ɗora waya a kan wurin leƙawa.

Jikin na'urar ƙarfe ne, tana da nauyi, ba ta rawa in yaro ya bugi tebur. Objektif, wato gilasan ƙara girma da ke fuskantar lam, huɗu ne, mai 4 da mai 10 da mai 40 da mai 100, sai okiler, gilashin da ake sa ido a leƙa, guda biyu, mai 10 da mai 25. Abin murɗawa na saiti, babban da ƙaramin, duka suna tafiya sumul, kuma farantin da ake ɗora lam yana da nasa abin matsarwa hagu da dama, gaba da baya, don haka ba sai yaro ya riƙa tura gilashi da yatsa ba. Abin da na fi yaba wa shi ne fitilar: LED ce mai batir da ake caji. Duk wanda ya yi karantarwa a garin nan cikin watan Afrilu ya san yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar darasi. Da wannan, in na yi caji da dare, darasin rana yakan wuce lafiya ba tare da ta dushe ba. Aibinta ƙanana ne. Objektif mai 40 yana kawo ɗan rawaya-rawaya a gefen hoto, kuma kwalbar man da ake ɗigawa in za a yi aiki da mai 100 na tarar rabinta ya tsiyaye cikin kwali.

A jikin kwalin an rubuta da manyan lambobi cewa tana ƙara girma sau 2500. Da wannan ne Alhaji ya fi yi mini talla. «Mushe,» in ji shi, «wannan ai babu abin da zai ɓoye maka, ko me ƙanƙantarsa.» Ban yi masa gardama ba, don ba shi ya rubuta ba. Lissafin gaskiya ne, 100 sau 25 ai 2500 ne, sai dai ba shi da amfani. Tun 1873 Bajamushen nan Ernst Abbe ya nuna cewa mikroskof mai aiki da hasken da ido ke gani ba ya iya bambanta abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanometa 200 (nanometa ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). In ka wuce ƙarin sau 1000 da ɗan wani abu, dushi-dushin kawai kake ƙara wa girma. Na gwada okiler mai 25 ɗin, hoton ya yi duhu ya baje, na cire shi na jefa a aljihun tebur, yana nan har yanzu.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da na sayi na'urar dominsa yana bakin wannan iyaka daidai. Zaruruwan da ke jan kuromozom a lokacin rabuwa, mikrotubul, kaurin kowane ɗaya nanometa 25 ne. Santiriyol, ɗan bututun da ke zaune a tsakiyar inda zaruruwan nan ke fitowa, na ɗan Adam faɗinsa wajen nanometa 250, tsawonsa wajen 500. Ke nan zare ɗaya ba zai taɓa ganuwa ba, sai in sun haɗu dami-dami, santiriyol kuma in an yi sa'a ɗigo ne kawai. Duk malamin da zai kashe kuɗinsa ya san da haka tun kafin ya fita daga gida.

Lam 23 daga cikin 25 irin waɗanda aka sani ne: fatar ganye, jinin mutum, ƙafar ƙuda, gansakuka, yankan kara, da sauransu. Suna da amfani ga ƙananan azuzuwa, ba ni da abin cewa a kansu sai dai cewa na jinin an shafa shi da kauri. Guda biyu ne suka shafi rabuwar selil, na saiwar albasa da na mahaifar tsutsar cikin doki.

Na albasar bai yi ba. An yanka shi da kauri har selil suna hawa kan juna, rinin ya yi fari-fari, ga kumfar iska zaune daidai kan ƙarshen saiwar, inda rabuwar ta fi yawa. Da ƙyar na samo anafaz biyu masu kyau. Wanda na haɗa da hannuna ya fi shi nesa ba kusa ba. Albasar Galmi na ɗora a bakin kofin shayi, gindinta na taɓa ruwa, bayan ƴan kwanaki saiwoyi suka fito farare, na yanke milimita 2 zuwa 3 na ƙarshe, na tausasa su a ruwan asid mai ɗumi, na ɗiga rini, na rufe da lamel, siririn gilashin da ake ɗorawa a kai, na danna da babban yatsa. Kuromozom 16 na albasa ba su ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya a haka, amma jerinsu a tsakiya da yadda suke rabewa gida biyu duk suna fitowa fes. Saboda haka wanda albasa kaɗai yake so ya nuna, ya bar akwatin nan, ya nufi ƴan albasa da dala ashirin ɗinsa.

A kan lam ɗin albasar ne wata ɗaliba, cikin masu zama a gaba, ta ɗago kai daga okiler ta ce, «Mushe, na ga kuromozom ɗin, to ina santirozom ɗin? A littafin nan ga shi a sama da ƙasa.» Santirozom dai shi ne wurin da ke ɗauke da santiriyol biyu, inda zaruruwan ke fitowa a selil ɗin dabba. Na karɓi littafin na duba. Sun zana selil mai kusurwa huɗu da bangonta, sun rubuta albasa a ƙarƙashi, sannan suka ɗora santiriyol biyu-biyu a kowane gefe da zaruruwa na fita daga jikinsu ta ko'ina. Wanda ya yi zanen ya ɗauki selil ɗin dabba ne ya sa mata bangon tsiro. Albasa ba ta da santiriyol, ba ta da santirozom, haka gero da dawa da gyaɗa da duk wani tsiro mai fure. Yarinyar za ta kwana tana leƙe ba za ta gani ba, don babu. Kuma yaron da ya zana wannan a jarabawa maki zai rasa, shi ya sa na ce littafin haɗari ne.

Tsirrai suna haɗa mazarin rabuwarsu, wato tarin zaruruwan da ke raba kuromozom gida biyu, ta wata hanya. Zaruruwan suna fara tsirowa ne daga kewayen fatar cibiyar selil da kuma kusa da kuromozom ɗin kansu, wasu kuma su tsiro a jikin waɗanda suka riga su ta hanyar wani rukunin furotin da ake kira ogmin, sannan a tattara su su fuskanci gefe biyu. Shi ya sa mazarin albasa ƙarshensa faffaɗa ne, ba ya tsukewa zuwa ɗigo guda.

Sai lam mai lamba 17, wanda saboda shi nake wannan rubutu. Yankan mahaifar tsutsar cikin doki ne, wadda a da ake kira Ascaris megalocephala, yanzu Parascaris. An rina shi da rinin nan mai ƙarfe da ke ba da launin toka zuwa baƙi. A objektif mai 10 za ka ga ƙwayaye birjik, kowanne cikin ɓawonsa mai kauri, da fili fari tsakanin ɓawon da selil ɗin. Sai ka bi su a hankali, don yawancinsu wuƙar ba ta bi ta inda ake so ba. Can wajen gefen dama na lam ɗina akwai guda ɗaya da aka yanka daidai tsawon mazarin. Na juya zuwa mai 100, na ɗiga mai, na rage buɗin hasken kaɗan. A tsakiya ga kuromozom baƙaƙe wuluk, dogaye, lanƙwasassu, sun jeru a layi ɗaya. Ta hagu da ta dama, kowane gefe akwai ɗigo ɗaya mai duhu, kewaye da shi wani hazo mai ɗan haske, daga cikin hazon kuma siraran layuka suna fita ta kowace fuska, wasu zuwa ga kuromozom, wasu zuwa bangon selil. In ka murɗa ƙaramin saiti kaɗan sai ɗigon hagu ya ɓace na dama ya fito, ka dawo sai su yi musanya, don ba a zurfi ɗaya suke ba. Na daɗe a sunkuye har wuyana ya ƙage.

Ba banza aka zaɓi wannan tsutsa ba. Kuromozom ɗinta huɗu ne kacal, wani irin nata ma biyu, kuma manya ne, don haka babu cunkoso. A cikin ƙwanta ne Edouard van Beneden na Beljiyam da Theodor Boveri na Jamus, kowa da nasa aikin, suka bayyana wannan ɗigo a 1887, suka nuna cewa ba ya ɓacewa bayan rabuwa, ninka kansa yake yi kowace ƴar selil ta gaji ɗaya. Boveri ne ya raɗa masa suna santirozom. Abin da na gaya wa yara shi ne, abin da kuke gani yau da na'urar jika 95, kusan shi ne abin da mutanen nan suka gani, kuma da shi suka gina rabin babin da kuke hardacewa.

Abin da ba su iya gani ba, mu ma ba ma gani da wannan na'ura, shi ne abin da ke cikin hazon. Nan ne aikin yake. Littattafanmu na lise sun fi ba santiriyol muhimmanci saboda yana da daɗin zane, bututu mai rukuni tara na zaruruwa uku-uku. Amma zaruruwan mazari ba daga jikin santiriyol suke tsirowa ba, daga wannan taron furotin da ke lulluɓe da shi suke fitowa. Santiriyol shi ne yake tara su wuri ɗaya.

Mikrotubul bututu ne da ake ginawa da tubalan furotin masu suna tubulin, iri biyu, alfa da beta, manne da juna, a jera su layi 13 a naɗe. Ƙara masa tsawo ba wuya, fara shi ne wuya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai saƙar kwando ya san cewa gindin ne ke cin lokaci, da zarar zoben farko ya kafu sai hannu ya yi ta gudu. To selil tana da nata zoben da ta tanada. A 1989 Berl Oakley da Elizabeth Oakley suka gano tubulin na uku, gama-tubulin, a jikin wata funfuna mai suna Aspergillus nidulans, ƴar uwar wadda ke lalata mana gyaɗa a rumbu in ta sha danshi. A 1995 kuma aka nuna, daga ƙwan kwaɗo, cewa gama-tubulin yana haɗuwa da wasu furotin su yi zobe wanda faɗinsa ya yi daidai da bakin mikrotubul. A kan wannan zobe ake ɗora tubalan farko. Ƙarshen da ke zaune a kan zoben shi ake kira na ragi, yana nan a toshe a santirozom, ɗayan ƙarshen kuma, na ƙari, shi ke miƙewa cikin selil. Wannan ne dalilin da ya sa duk layukan da ke lam 17 suke fita daga ɗigo ɗaya.

Zoben ba ya zuwa da kansa, riƙe shi ake yi. Akwai dogayen furotin da ke yin saƙar da yake maƙalewa a ciki, manyansu su ne perisantirin da CDK5RAP2 da Cep192. Lokacin da selil ba ta rabuwa, wannan saƙa siririya ce, a manne da santiriyol. Da rabuwa ta gabato sai wasu inzayim biyu, PLK1 da Aurora A, su hau aiki. Cep192 ne ke kawo su wurin, su kuma su riƙa liƙa fosfat a jikin perisantirin da CDK5RAP2, saƙar ta kumbura ta yi faɗi, gama-tubulin ɗin da ke wurin ya ninka sau uku ko fiye. Hazon da na gani da faɗi haka a lam 17 santirozom ne da ya riga ya kumbura. Da a ce selil ɗin tana hutawa ne, da ƙyar zan lura da shi.

Yawan zaruruwa kaɗai ba ya wadatarwa, sai halinsu ma ya canza. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka nuna cewa mikrotubul ba ya zama wuri ɗaya: yana cikin tsawo sai ya rushe da sauri, wani lokaci kuma ya tsaya ya sake tsirowa. A lokacin rabuwa wannan tsiro da rushewa yana ƙara sauri sosai, zaren da a da yakan yi mintoci yanzu ba ya cika minti ɗaya, sai fa wanda ya dace ya kama kuromozom a wurin kamunsa, kinetokor, shi ne yake daɗewa. Da haka ake lalube har kowane kuromozom ya samu zare daga gefe biyu. Masu kula da wannan ma suna taruwa a santirozom. Aurora A yana liƙa fosfat a jikin TACC3, shi kuma ya haɗu da chTOG mai ƙara tubali a bakin zare, a ɗaya ɓangaren kuma ga MCAK mai warware bakin. Tsawon mazari yana fitowa ne daga jayayyar waɗannan biyun. Lam ɗin gilashi ba zai nuna wannan ba ko kaɗan, domin selil ɗin matacciya ce, an daskarar da ita a daƙiƙa ɗaya. Wannan sai da bidiyo, kuma na nemo wa yara ɗaya a YouTube muka kalla a wayata.

Wani yaro ya tambayi dalilin da ya sa ɗigon biyu ne daidai, ba ɗaya ba, ba uku ba. Tambayar ta fi ta littafin kyau. Selil tana ninka santiriyol ɗinta sau ɗaya tak a kowane zagaye, a daidai lokacin da take kwafar ADN ɗinta, wato sinadarin gadon da ke cikin kuromozom. PLK4 ne ke sa alama a wuri ɗaya a gefen kowane tsohon santiriyol, sai STIL da SAS-6 su zo, SAS-6 ya harhaɗa kansa ya yi wani abu kamar ƙafar keke mai rassa tara wanda a kansa ake gina sabon. In PLK4 ya yi yawa, sai tsohon ya haifi ƴaƴa da yawa a kewayensa maimakon ɗaya. Bayan an ninka, santirozom biyun suna ɗaure da juna da wata igiyar furotin har zuwa bakin rabuwa, sai Nek2 ya sa a kwance ta, wani injin furotin mai suna Eg5 ya shiga tsakanin zaruruwan ɓangarorin biyu yana tura su nesa da juna. An san maganin da ke tsayar da Eg5, monastrol, in aka sa shi sai santirozom biyun su kasa rabewa, a samu mazari mai kai ɗaya da kuromozom zagaye da shi, selil ta tsaya cik. Layukan da ke tafiya zuwa bango kuwa, can ma akwai mai jan su, dayinin tare da NuMA, kuma wannan ja ne ke saita inda mazarin zai kwanta, daga nan a san inda selil za ta tsuke ta rabe.

Boveri ya hango abin da zai faru in lissafin ya ɓaci. Ya yi aiki da ƙwan wata dabbar teku mai ƙaya wanda maniyyi biyu suka shiga, ya ga mazari mai kai uku ko huɗu yana raba kuromozom ba daidai ba, kuma a 1914 ya fitar da ra'ayin cewa irin wannan rabon na iya zama tushen ciwon daji. Yau an tabbatar cewa selil ɗin daji da yawa suna ɗauke da santirozom fiye da biyu, kuma sukan tsira ne ta hanyar tattara su gida biyu kafin su rabe, amma a cikin haka wani kuromozom yakan kamu ta gefen da bai dace ba ya faɗa inda ba nasa ba. A ɗaya gefen, yaran da ake haifa da ƙaramin kai na gado, da dama cikinsu matsalar tana cikin ƙwayoyin gadon waɗannan furotin ne, irin su CDK5RAP2 da CENPJ da STIL da ASPM, domin selil ɗin da ke gina ƙwaƙwalwa a ciki ba sa jure kuskure a wannan wuri.

Kada dai a ɗauka santirozom shi ne komai. Albasa ta riga ta nuna ana iya yi ba shi. Ƙwan mace ma, na ɗan Adam, ba shi da santiriyol mai aiki, maniyyi ne ke kawowa. A 1996 an saka ƴan ƙananan duwatsu da aka lulluɓe da ADN cikin ruwan ƙwan kwaɗo, mazari ya haɗu a kewayensu babu santirozom ko ɗaya. A 2006 kuma aka samu ƙudajen ƴaƴan itace marasa santiriyol da suka girma har suka fito da fukafukai, sai dai ba su daɗe ba suka mutu, saboda santiriyol ne tushen ƴan gashin da jijiyoyin jinsu ke aiki da su. Ni yadda nake koya wa yara, santirozom yana sa aikin ya yi sauri, ya fito da kai biyu daidai, ya kuma kwanta ta fuskar da ake so. Littafin akwatin cewa ya yi idan babu santiriyol selil ba ta rabuwa, a shafin da ya zana albasa.

Hoton da ke bayan akwatin ma yaudara ce. Sun sa selil mai zaruruwa kore shar, kuromozom shuɗi, da ɗigo biyu ja a gefe. Hoton gaskiya ne, amma na wata irin na'ura ce daban, wadda ake liƙa wa kowane furotin rini mai ƙyalli a haska shi da haske na musamman, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin lise irin namu nesa. Yara sun zo da tsammanin ganin wannan, da suka ga toka-toka sai wasu suka ɓata fuska. Sai da na sa kowa ya zauna ya zana abin da ya gani da fensir kafin suka fara lura da layukan. Hoton dai na yanke shi na liƙa a bango, don in an ce gama-tubulin ina da abin nunawa: ɗigon ja ɗin nan.

Abin da ya fi kama hankalin yara a ƙarshe bai zo cikin akwati ba. Na shigo aji da ƙwayar albendazol, wadda kowa ya sani, ana ba yara don tsutsar ciki, ana ɗura wa tumaki da awaki. Aikinta shi ne ta kama beta-tubulin na tsutsa ta hana shi haɗuwa ya zama zare, kuma ta fi kama na tsutsa ƙarfi fiye da namu. Wato zaruruwan da ke cikin lam 17 su ne abin da maganin yake nema. Na kuma tsinko furen nan ja-ja da fari da ake shukawa a ƙofar ofisoshi, wanda asalinsa daga Madagaska yake. Daga jikinsa aka samo vinkiristin da vinbilastin, masu hana mikrotubul tsirowa, waɗanda ake ba masu ciwon daji, har da yara masu sankarar jini. Takzol kuma, wanda aka fara samu daga ɓawon wata bishiya a Amurka, akasin haka yake yi, yana hana zaren rushewa, kuma sakamakon ɗaya ne, mazari ya kasa aiki selil ta tsaya. Na dai ja musu kunne cewa furen guba ne, kada wani ya je ya jiƙa wa kakarsa.

Maƙalin waya roba ne marar ƙwari. Kafin ka daidaita idon wayar da okiler ka yi gumi, kuma da ka taɓa allon don ɗauka sai ya goce. Dabarar da ta yi mini ita ce in sa wayar ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Da haka na samu hoton lam 17 mai kyau na tura a rukunin WhatsApp na malaman SVT, wani abokin aiki da ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya ce ko a can bai ga aster, wato layukan nan da ke fita daga santirozom kamar tauraro, ya fito haka ba.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar kayan nan a garinmu. Akwatin yana riƙe lam a tsaye, kuma da zafi ya tsananta na lura ƙaron da aka liƙa lamel da shi ya yi laushi a guda biyu, lamel ɗin ya ɗan zame ƙasa. Tun daga nan a kwance nake ajiye su, cikin ɗakin da ya fi sanyi a gida. Rigar ledar da aka bayar ta rufe na'urar siririya ce, buji na shiga ta ƙasa, sai da na ba tela ya ɗinka mini ta atamfa mai zariya. Kada a goge objektif da bakin riga, yashin da ke cikin ƙurarmu yana karce gilashi.

Alhaji kuwa ba ni da ƙorafi a kansa. Da na koma na nuna masa kumfar da ke lam ɗin albasa, bai yi musu ba, ya fito da sauran akwatuna uku da ke gare shi ya ce, «Mushe, zauna ka duba da kanka, wanda ya yi maka ka ɗauka.» Na albasar duka ɗaya suke, ba wanda ya fi wani. Amma na lura da wani abu da ya kamata mai saye ya sani: a cikin akwatunan uku, ɗaya lam 17 ɗinsa ƙwayayen ba su kai ga rabuwa ba, an yanko ne daga sashen mahaifar da ƙwai bai nuna ba, babu mazari ko ɗaya a ciki. Don haka kada ka biya sai an kunna maka na'urar a shagon ka ɗora lam 17 ka nemo ɗigo biyun da idonka. Ka kuma sa a ƙara maka kwalbar mai cikin cinikin, don ta cikin kwalin ba za ta kai ka ƙarshen zango ba, kuma na zaga farmasi da dama a garin nan ban samu mai sayar da shi ba.